Tuwon da Muka Hana Malam Habu

Ranaku da yawa sun shige mini a aikin nan, wasu ma ko an tuna mini sai na yi da gaske, amma ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na shiga gidan su Malam Habu yin barka na fito ana harara ta ba. Ku da kuka shigo aikin jinya kwanan nan nake so ku ji labarin, musamman masu ganin darasin yadda jiki ke sarrafa abinci na haddacewa ne kawai, a ci jarrabawa a watsar. Na san ku, ina ganin yadda kuke hamma in an zo wajen.

A lokacin ni ce in-caji a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, a wani ƙauye da ke gefen Kara. In-caji, ga wanda bai sani ba, ita ce wadda komai na asibitin ke kanta: awon ciki, rigakafi, allura, har makullin ɗakin magani. Ba mu da likita, ba ma kwantar da marar lafiya. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu tura babban asibiti a Gwarzo. Kafin a kawo ni ƙauyen na yi shekaru a ɗakin yara masu tamowa, kuma a can idona ya fara sanin abin da zan ba ku labari.

Malam Habu ɗan kasuwar hatsi ne, magidanci, mutum mai jiki da fara'a. A farkon damina ɓarayin daji suka tare motarsu a hanyar dawowa daga wata kasuwa ta wajen Katsina, suka shige da shi. Sai da aka yanke gero sannan Allah ya dawo da shi. Yadda aka yi aka karɓo shi ba nawa ba ne in faɗa. Ni dai na san ranar Laraba da yamma garin ya ɗauki guɗa, washegari da safe na yafa mayafina na tafi barka kamar kowa, ba a matsayin ma'aikaciya ba.

Na same shi a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, don ya ƙi yarda a shigar da shi ɗaki. Da ban san gidan ba, da na ce wani tsoho aka kawo. Wuyansa ya zama siriri, idanunsa sun faɗa, rigarsa tana reto a jikinsa. Ana zafi amma yana lulluɓe da bargo. A gabansa kuwa kwanuka ne jere har bakin rumfa: tuwon shinkafa da miyar taushe, dambu, waina, farfesun kayan ciki, fura da nono, ga lemon kwalba a gefe. Kowace mace ta shigo da kwanonta, kuma ba za ta tashi ba sai ta ga ya sa hannu. Mahaifiyarsa, Inna Dije, tsohuwar da ta tashi cikin shanu kafin su zauna su kama noma, tana zaune nesa kaɗan tana dama fura. Ba ta kallonsa duk da shi ne autanta, irin kunyar nan ta iyayenmu, amma duk lomar da ya kai baki tana sane da ita.

Na durƙusa muka gaisa, na yi masa barka da arziki, na kama hannunsa kamar mai jajantawa, alhali bugun jininsa nake ji. Hannun sanyi ƙalau, bugun kuma da sauri amma ba ƙarfi. Na tambaye shi me suke ba shi a can. Ya ce, "Sista, wata rana ɗan garin rogo a tafin hannu. Wata rana ba komai." Matarsa Saude ta ce daren jiya ya ci tuwo sosai amma ya amayar da mafi yawa, yau da safe kuwa ya sha koko da sukari ya ci ƙosai, kuma sun zauna. Tana faɗa tana murna. Ni kuwa hatsari na hango.

Bari in tsaya in yi muku bayanin dalili, don ba za ku gane rigimar da na tayar ba sai da shi. Abincin da muke ci ba ya zama ƙarfi a ciki. Hanji yana narkar da shi ne kawai, tuwo ya koma sukari, nama da wake su koma abin gina jiki, mai ya koma ƙanana, duk su shiga jini. Daga nan jiki ya fitar da wani sinadari, insulin, wanda ke buɗe wa sukari hanya ya shiga ƙwayoyin halittar jiki. A cikin ƙwayoyin nan ake ƙona shi da iskar da muke shaƙa, a sami ƙarfin da zuciya ke bugawa da shi, da wanda ake numfashi da tunani da ɗaga ƙafa. Amma ƙonawar ba ta yiwuwa da sukari kaɗai. Sai da bitamin B1, sai da wasu nau'o'in gishiri na jiki, irin su fosfet da fotashiyam da maganiziyam.

In mutum ya rasa abinci, jiki ba ya tsayawa. Yana fara cinye ɗan sukarin da hanta ta ajiye, wanda ba ya wuce yini ko kwana. Sai ya koma kan kitse. In yunwar ta yi tsawo ya kama cin tsokarsa, kuma zuciya ma tsoka ce, ita ma tana ramewa. Jikin yana rage komai don ya tsira, shi ya sa mai dogon yunwa ke jin sanyi. Duk tsawon wannan lokaci bitamin da gishirin nan suna ƙarewa a hankali ba mai gani. To ranar da aka ɗora wa irin wannan jiki tuwo da sukari da yawa, insulin zai tashi gaba ɗaya, ƙwayoyin jiki duka su buɗe su ja sukari, su haɗa da ɗan gishirin da ya rage a cikin jini. Jini ya wayi gari ba gishiri. Jiki kuma ya fara riƙe ruwa. Ramammiyar zuciya ta rasa abin bugawa ga kuma ruwa ya yi mata yawa. A 'yan kwanakin farko na fara ci ake rasa mutum, yana ƙoshe, 'yan uwa suna murna.

Na tashi na sami yayansa, Alhaji Musa, a zaure. Shi ne babba a gidan, shi ya yi ta faɗi-tashi tsawon watannin nan, kuma gajiyar tana fuskarsa. Na ce, "Alhaji, don Allah a kai Malam Habu babban asibiti yau. Kuma kafin nan a ɗauke kwanukan nan daga gabansa."

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Sista, ciwo kika gani a jikinsa?"

Na ce, "Ban ga rauni ba, Alhaji, amma abincin nan zai iya kashe shi."

Ya ce, "Abinci? Haba Sista. Yunwa ce ta mai da shi haka, kowa ya gani. In ba abinci ba me za a ba mai yunwa? Kuma mutane daga ko'ina suna hanya, wasu tun daga Kabo. In ce musu me, mun kai shi asibiti don ya ci tuwo?"

Na yi bayani iyakar iyawata. Ya saurare ni da mutunci, ya gode mini, ya ce za a duba. Kun san ma'anar za a duba.

Ina komawa asibiti na kira likitan da ke kula da yankinmu a Gwarzo. Bai bari na gama ba ya ce, "A kawo shi yau. In sun ƙi, ki yi masa allurar bitamin B1 kafin ya ƙara cin komai, ki hana sukari, kuma kada kowa ya ɗaura masa ruwa. Ki ci gaba da matsa musu, Sista, kada ki gaji." Na ce masa gajiya ba ta cikin abin da ke damuna.

Bayan azahar na sallami mutanena na ɗauki allurar na koma. Abin da na tarar ya sa jinina ya hau. Wani mai kemis, surukin gidan ne, ya kawo tasa gudummawar: ledar ƙarin ruwa. Kun san mutanenmu da ƙarin ruwa, a wajensu shi ne ƙarshen gata. Ya riga ya rataye ledar a ƙusa jikin rumfa, yana ta lalube a hannun Malam Habu yana neman jijiya. Allah ya taimake mu jijiyoyin sun ɓuya. Na karanta jikin ledar, ruwan sukari ne. Ban yi sallama ta biyu ba, na miƙa hannu na sauke ta na sa a jakata.

Mai kemis ya ce, "Sista, lafiya? Don ya ji ƙarfi ne fa."

Na ce, "Na san da alheri ka zo. Amma in ruwan nan ya shiga jikinsa, ba na ce zai kai gobe ba. Ka zo asibiti ka karɓi ledarka."

Sai ƙananan maganganu suka tashi a tsakar gidan. Na ji wata tana cewa wannan ai baƙin ciki ne, an hana shi ci a daji an biyo shi gida. Aka kira Alhaji Musa. Ya shigo ransa a ɓace ya ce, "Sista, da safe na ba ki girmanki. Wa ya kira ki gidan nan?"

Na ce, "Ba wanda ya kira ni, Alhaji. Kuma ko ka kore ni gobe zan dawo."

Haushi ne ya cika ni, ba tsoro ba. Ba haushinsu nake ji ba, haushin yadda na san abin da ke tafe kuma na kasa sa kowa ya gan shi. Malam Habu ne ya raba mu, ya ce a bar ni in yi allurar tunda na ɗauko. Na yi masa. Sannan na je gaban Inna Dije na durƙusa na ce, "Inna, nono kaɗai, a tsinka shi da ruwa, rabin kofi, a ɗan jima a sake ba shi. Ba sukari, ba fura, ba tuwo. Na 'yan kwanaki ne kawai." Ta ci gaba da goge ludayinta.

Ranar Juma'a tun kafin in buɗe asibiti na biya. Saude ce ta tare ni a bakin zaure, fuskarta ta canza. Ta ce ya ci tuwo da daddare, da asuba Inna ta dama masa fura da sukari ya shanye, amma tun ɗazu yake cewa ƙirjinsa. Na same shi a jingine da bango yana numfashi sama-sama. Ƙafafunsa sun kumbura. Bugun zuciyarsa yana gudu yana tsallake. Ya ce yatsunsa da leɓensa suna masa wani iri kamar tururuwa na bi.

Wannan karon ban nemi Alhaji ba. Na ce, "Inna, zo ki gani." Ta taso da ƙyar, don ba ta saba matsowa kusa da shi a gaban mutane ba. Na danna yatsana a ƙafarsa na ɗauke, ramin ya zauna bai ciko ba. Na ɗauko kofin ruwa na miƙa masa, ya karɓa, hannun ya kasa kai shi baki, ruwan ya zube a bargo. Na ce, "Inna, jiya da safe da kansa yake ɗaukar kwano. Tun jiya yake ci. Ƙarfi ya ƙaru ko ya ragu?"

Ta daɗe tana kallon ƙafar. Can ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Saniyar da ta sha rani, in ruwan farko ya sauka ciyawa ta fito, ba a sakinta ta ci yadda take so. Mun sha rasa su a haka. Sai ta ƙoshi take faɗuwa." Ta ɗago ta dube ni. "Irin wannan ne?"

Na ce, "Kusan irinsa ne, Inna."

Ta juya ta ce wa Saude ta kira mata Alhaji. Da ya shigo ta ce, "A nemo mota. Auta zai tafi asibiti." Ya buɗe baki zai yi magana ta ce, "Yanzu." Mutumin da ya tsaya mini jiya ya sa takalminsa ya fita.

Saura Malam Habu. Ya riƙe mayafina da ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Sista, kada a rufe ni a ɗaki. Wallahi ba zan iya ba." Na yi masa alkawari, kuma tun muna hanya na kira likita na gaya masa. Muna isa muka tarar an gyara masa gadon da ke bakin ƙofa, inda yake hango fili da masu wucewa.

Gwajin jini ya nuna abin da muke tsoro, gishirin jikinsa ya faɗi ƙasa sosai. Aka fara mayar masa da shi a hankali, ana duba zuciyarsa a kai a kai, ana ci gaba da bitamin. Abinci kuwa likita ya rubuta shi kamar magani: madara tsinkakkiya da kunu marar kauri, ɗan kaɗan, sau da yawa a yini, a riƙa ƙarawa sannu-sannu gwargwadon yadda jinin ya nuna. Madara tana da fosfet ɗin da yake bukata, shi ya sa aka fara da ita. Likita ya ce tunda ni iyalin suka sani, in riƙa zuwa bayan na tashi aiki ina taya ma'aikatan ɗakin magana da su. Haka na riƙa hawa babur kullum da la'asar.

Na ɗauka an gama da kwanuka, ashe biyo mu za su yi. Masu dubiya suka fara zuwa, kowa da kularsa, wani ma da gasasshiyar kaza. A wajenmu kuwa mayar wa mutum kwanonsa a rufe ba ƙaramin cin fuska ba ne, ana iya shekara ana maganarsa. Na rasa yadda zan yi, don ba zan tsaya a ƙofar asibiti ina korar dattawa ba. Inna Dije ce ta warware. Ta shimfiɗa tabarma a baranda daidai ƙofar ɗakin ta zauna. Duk wanda ya zo ta karɓi kularsa da hannu biyu, ta sa albarka, ta buɗe ta nuna wa ɗanta daga nesa ta ce, "Auta, ga na gidan wane." Ya ɗaga hannu ya yi godiya. Sai ta juye ta raba wa masu jinyar da suka zo daga nesa ba su da mai kawo musu, ta wanke kular ta mayar fanko. Wanda ya matsa sai ya ga ya ci, ta ce masa, "Ya ci, Allah ya ba da lada," ta kafe shi da ido har ya yi shiru.

Kumburin ya fara sauka, numfashinsa ya daidaita. A nan ne kuma yunwar gaske ta taso masa. Jikin da ya fara farfaɗowa yana neman abinci da ƙarfi, ga ƙamshin miya yana shigo masa daga baranda. Wata la'asar na zo na auna masa madararsa a ɗan kofi, na miƙa masa, na tsaya ina jira ya shanye in rubuta. Ya kalli kofin, ya kalle ni. Ya ce, "Sista, kin san haka suke yi mini? Su auna su ba ni, su tsaya a kaina har in cinye. Na ɗauka in na dawo gida an gama."

Na sha jin baƙar magana a aikin nan, amma ba wadda ta taɓa shiga ta kamar wannan, don ba da faɗa ya faɗe ta ba. Na ji kamar in fita in karɓo kular tuwo in ajiye masa in ce ci, Malam, ci har ka ƙoshi. Wallahi na ji haka. Amma na san in na yi, tausayin kaina na ji, ba nasa ba.

Na ja kujera na zauna, don kada in zama a tsaye a kansa. Na ce, "Malam Habu, kai ɗan kasuwar hatsi ne. In aka kawo maka mota cike da masara a zube, kai kuma ba buhu, ba 'yan dako, siton ma rufinsa ya lalace, ga hadari ya haɗo, riba aka kawo maka?"

Ya ce, "Asara ce."

Na ce, "To haka jikinka yake yanzu. Abincin ba shi ne matsala ba, kayan aikin karɓarsa ne suka ƙare a daji. Su muke mayar maka. Kullum suna ƙaruwa, kullum kofin nan zai ƙaru. Ban isa in hana ka ci ba, kai magidanci ne, ƙofa kuma a buɗe take, ga kuloli can. Amma ka yi wata da watanni kana riƙe ranka a hannun waɗanda ba su damu da shi ba. Ina roƙonka ka ƙara riƙe shi na 'yan kwanaki."

Na tashi na je na sami babbar ma'aikaciyar ɗakin, muka yi magana da likita, muka canza tsari. Aka kawo jug ɗin madara aka ajiye a gefen gadonsa, aka yi wa kofin alama da filasta. Na ce masa daga yau shi zai zuba wa kansa zuwa alamar, in lokaci ya yi, kuma ba wanda zai tsaya yana kallonsa. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta ce, "Sista Rabi, kin haukace? Mai irin wannan yunwa za ki bar wa jug?" Na ce mata ni ma tsoron nake ji, amma mutumin da ba a yarda da shi ba ba zai riƙe mana komai ba, kuma in ya so ci ai baranda ba ta da nisa.

Washegari ina shigowa na tambayi labarin jug ɗin. Ma'aikaciyar safe ta ce abin da ya ragu a jug ɗin daidai yake da abin da ya kamata. Malam Habu yana ganina ya ɗaga kofin ya nuna mini alamar ya ce, "Ban wuce ba. Amma ki gaya wa likitanku, in bai matsar da filastar nan sama ba zan kai ƙararsa wajen Inna." Ranar ce na fara jin dariyarsa tun dawowarsa.

Filasta ta yi ta hawa. Daga madara aka shiga kunun gyaɗa, daga nan fate mai ruwa, sai ƙwai, sai ɗan wake. Jinin ya daidaita ya zauna. Ya fara takawa zuwa baranda, daga baya har bakin masallacin asibitin. Bayan mako biyu ko kusa da haka aka sallame shi, likita ya ce yana iya cin abincin gida, a dai fara da kaɗan.

Ranar da za a tuƙa masa tuwon farko Inna Dije ta aiko a kira ni. Da kanta ta tuƙa, ba ta bar Saude ta taɓa muciya ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka da man shanu, malmala ɗaya 'yar madaidaiciya. Alhaji Musa yana wurin, ya gaishe ni da fara'a ya ce, "Sista mai ƙwace ledar mutane," muka yi dariya. Malam Habu ya wanke hannu ya yi bismilla ya ci a nutse, ba gaggawa, har ya suɗe kwanon. Inna tana can gefe ta juya baya tana tsince wake, wai ita ba ta gani.

Da na tashi tafiya ta rako ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. A nan ta tsaya ta ce, "'Yar nan, tun ranar da aka ɗauke shi ban taɓa fasa zuba masa tuwonsa ba. Kullum sai na zuba na rufe na ajiye a ɗakina, da safe in bayar sadaka. Ina cewa wata rana zai shigo ya same shi da ɗumi. Ya shigo, kika ce in riƙe hannuna." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Kwanakin asibitin nan sun fi mini watannin dajin wuya. Na ji haushinki ƙwarai."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta ce, "Ba ki sani ba. Amma Allah ya yi miki albarka."

Gaskiyarta, ban sani ba. Na san insulin, na san fosfet, na san abin da zuciya ke bukata kafin ta buga, kuma da ban san su ba da mun binne Malam Habu a makon da ya dawo. Don haka ku koyi darasin nan da kyau, ranar da za ku bukace shi ba za ta yi muku sallama ba. Amma ku riƙe wannan ma: mutanen da za ku tsaya wa a irin wannan rana ba mugaye ba ne, ba kuma wawaye ba ne. Masoyan marar lafiya ne, kuma abin da za ku ce su daina shi ne abu ɗaya da suke da shi na nuna ƙauna. Ku tsaya kai da fata, ko za a harare ku, ko za a tambaye ku wa ya kira ku. Sai dai in kun yi nasara kada ku ɗauka ku kuka yi aikin mai wuya. Ni leda kawai na sauke daga ƙusa. Inna Dije ce ta zauna a baranda tana raba wa baƙi abinci, ɗanta yana bayanta yana jin yunwa, ba ta juya ba.